Ranar da ofis ya neme ni ina Sallar Magariba

Aikina a nan birnin Birmingham na Ingila zagaye gidajen tsofaffi ne. In ba su magani, in taya su wanka, in ɗumama musu abinci, gida bakwai ko takwas a wuni, ni kaɗai. Ranar da na fara aiki aka rataya min wata 'yar na'ura a wuya mai kama da katin shaida, da maɓalli a bayanta. Kafin in shiga gida sai in danna, in faɗi adireshi da lokacin da nake sa ran fitowa, in na fito kuma in sake dannawa. A raina na ce wannan ai rashin yarda ce, so suke su ƙirga min ko numfashi.

Wata Talata cikin Disamba, lokacin da duhu ke rufewa tun ƙarfe huɗu, na fito daga gidan wata dattijuwa hannuna ya ƙage da sanyi, na sha'afa ban danna ba. Na tsaya a wani masallaci a unguwar Small Heath, waya a jaka, na kashe mata murya. Ina idar da salla na duba, kira tara. Sun kira dattijuwar ta ce na daɗe da tafiya. Sun kira maigidana a wurin aikinsa, bawan Allah har ya ɗauko mota bai san inda zai nufa ba. Shugabarmu ta ce saura kaɗan su kira 999, 'yan sanda su fito nemana.

Kunya ta ishe ni, wallahi. Washegari kuma aka zaunar da ni kamar 'yar firamare, aka ba ni takarda shafi biyu in rubuta yadda aka yi. Turawan nan da takarda! Ko tuntuɓe ka yi sai ka cike fom. Da ta ga na ɓata rai, sai shugabar ta ba ni labarin Suzy Lamplugh, wata matashiya 'yar shekara 25 mai dillancin gidaje a Landan. Ranar 28 ga Yuli, 1986 ta fita nuna wa wani mutum gida a Fulham, abin da ta bari a littafinta kawai sunan “Mr Kipper” da adireshin gidan da lokacin haɗuwa. Har yau ba a ga ko gawarta ba. Iyayenta suka kafa gidauniya da sunanta, mai koya wa masu aiki su kaɗai yadda za su kare kansu. Dokar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta 1974 ma ta ɗora wa mai kamfani alhakin ma'aikacinsa, ko yana ofis ko yana ɗakin wani.

A mota na yi ta tunanin gida. Mu da muka ga abin da ya faru a Kano a Fabrairun 2013, aka harbe mata tara masu allurar shan inna, me muka sauya? Har gobe ana tura yarinya lungu da akwatin allura da “Allah ya tsare”. Amin, amma wa ya san ƙofar da ta shiga? Mai gyaran wuta ya hau turke da silifas, in ya faɗo a ce kwana ne ya ƙare.

Sai dai ban ce nan aljanna ba ce. A gida kina yin sallama yara sun cika zaure, mai ƙosai ta gan ki, mai shago ya san 'yar gidan wane ce. Nan kuwa layi tsit, labule a sake, kare ne kawai ke amsa miki. Wani tsoho da nake zuwa wurinsa bai san sunan maƙwabcinsa ba. Na'urar nan ita ce mai ƙosan tasu.

Ƙanwata tana aikin rigakafi gida-gida. Na ce mata duk unguwar da ta shiga ta tura wa Inna saƙo, in ta fito ma haka. Ta kwashe da dariya, wai Yaya kin zama Baturiya, kuma wa zai sa mata kati? Na tura mata na wata guda.