Katin Bashina da Ambaliyar Houston: Yadda Na Samu Sashen Kula da Abokan Hulɗa na Bankin

Na shekara bakwai ina riƙe da katin bashi na wani babban banki a Amurka kafin ambaliyar da guguwar Harvey ta haddasa a ƙarshen watan Agustan 2017, kuma a tsawon waɗannan shekaru sau ɗaya kawai na taɓa kiran sashen kula da abokan hulɗarsu, lokacin da na canza adireshi. Dalilin haka shi ne ƙa'idar da na ɗora wa kaina tun ranar da katin ya shigo hannuna, wato duk abin da na saya da shi a cikin wata sai na biya shi gaba ɗaya kafin ranar da aka yanke, domin wanda ya biya duka ba a ɗora masa kuɗin ruwa, ni kuwa kuɗin ruwa abu ne da nake gudu saboda addinina. Riƙe katin ya zame mini dole ne, saboda a ƙasar nan da wuya mutum ya kama hayar gida ko ya ɗauki motar haya ba tare da an nemi katinsa ko an duba tarihin yadda yake biyan bashi ba.

Guguwar ta sauka gaɓar tekun Texas kusa da garin Rockport a daren Juma'a 25 ga Agusta, amma abin da ya ɗaiɗaita mu a Houston shi ne ruwan saman da ya kwana huɗu yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Gidan da muke haya a yammacin birnin, kusa da rafin Buffalo Bayou, ya tsira a kwanakin farko har muka fara hamdala. Sai ranar Litinin 28 ga wata injiniyoyin sojan Amurka suka fara sakin ruwa daga madatsun Addicks da Barker don gudun kada abin ya fi ƙarfinsu, ruwan kuwa ya biyo rafin ya shigo unguwarmu. A kwale-kwalen wasu 'yan sa-kai muka fita, ni da maiɗakina da yara biyu, muka bar mota a nutse, wayata kuma ta faɗa ruwa wajen ɗaukar ƙaramin yaron. Babbar Sallah ta wannan shekara, wadda ta faɗo ranar Juma'a 1 ga Satumba, a ɗaya daga cikin masallatan da suka buɗe ƙofofinsu ga waɗanda ambaliya ta kora muka yi ta. Bayan Sallah muka samu ɗaki a wani otal a kan hanyar San Antonio.

A teburin karɓar baƙi na otal ɗin ne katin ya ƙi aiki. Na'urar bankin mai sa ido kan zamba ta ga mutumin da bai saba kashe kuɗi da yawa ba yana sayen tufafi da magunguna da kayan jarirai a garin da ba nasa ba, sai ta rufe katin, ta tura lambar tantancewa zuwa wayar da ta riga ta mutu. Ban ga laifin rufewar ba, domin da ɓarawo ne ya tsinci katin a cikin ruwa haka zan so a yi. Na kira da wayar maiɗakina, na yi kusan awa ɗaya a kan layi, wannan ma na yi musu uzuri tunda dubban mutane ne ke kira a makon.

Matar da ta ɗauki kiran ta cancanci yabo, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. Kafin ta tambayi lambar kati sai da ta tambaye ni ko iyalina suna lafiya da kuma ko mun samu wurin kwana. Da ta ji wayata ta lalace ba ta tsaya ja-in-ja ba, ta tantance ni da wasu tambayoyi game da asusun, ta buɗe katin ina tsaye gaban mai otal. Daga nan ta duba adireshina ta ga yana cikin yankunan da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin inda bala'i ya afka wa, sai ta ce bankin yana da shiri na musamman dominmu: ba sai na biya komai ba har wata biyu, ba za a ci ni tarar makara ba, kuma za a ɗaga mini iyakar abin da zan iya kashewa na ɗan lokaci. Na tambaye ta ko akwai wani abin da za a caje ni a kan wannan, ta ce, "Yallaɓai, babu tara ko ta sisi." Na ajiye waya hankalina a kwance, karo na farko a cikin kwana goma.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ta faɗa gaskiya ne a lafazi, amma tara daban take, kuɗin ruwa kuma daban, kuma shirin nasu ɗage biya ne kawai, kuɗin ruwan yana ci gaba da hawa a kan bashin kowace rana. Abin da ya fi wannan muni shi ne, da zarar wata ɗaya ya wuce mutum bai biya duka ba, ya rasa rangwamen nan na kwanakin da ake ba mai biya gaba ɗaya, don haka duk sabon abin da ya saya kuɗin ruwa zai fara binsa tun daga ranar sayen. A daidai wannan lokaci kuwa a kan katin nake ɗora kuɗin otal da na motar haya da na abinci, saboda inshorar masu haya da nake da ita ba ta biyan ɓarnar ambaliya, kamar yadda yawancin irinta suke, tallafin FEMA, hukumar gwamnatin tarayya mai agajin waɗanda bala'i ya afka wa, kuma bai riga ya iso ba. Da an bayyana mini wannan da jimla ɗaya, da na bi wata hanyar. Akwai ɗan abin da ke asusuna, kuma 'yan uwa da muke adashi tare sun riga sun ce in ɗauki kwasar watan ko da ba layina ba ne, na ce su bari tukuna tunda banki ya ɗaga mini ƙafa. Wannan shi ne babban ƙorafina, kuma na fi ɗora shi a kan bankin da ya tsara wa ma'aikatansa abin da za su faɗa fiye da matar da ta faɗa. Wanda ke magana da mutanen da suka kwana a sansanin gudun ruwa ya san ba sa cikin halin bambance kalmomi, don haka nauyin bayani a kansa yake.

Wasiƙu ba sa isowa gidan da ruwa ya ci, saboda haka sai a watan Oktoba, da na samu natsuwar shiga asusun ta intanet, na ga abin da ke ciki: ga kuɗin ruwa, ga kuma tarar makara ta dala 27, wadda aka ce ba za a ci ni ba. Daga nan aka shiga kai-komo. Wanda na fara samu ya ce bai ga wata alama a asusuna da ke nuna an saka ni a shirin ba. Ya tura ni wani sashe, su kuma suka ce shigar da suna aikin wani sashen ne dabam, kuma da alama buƙatar ba ta kai gare su ba. Kowane sabon mutum sai na sake ba shi labarin ambaliyar daga farko, ya yi mini jaje da kalmomi iri ɗaya da na wanda ya gabace shi, sannan ya tambaye ni lambar shaidar kiran farko, wadda ba a ba ni ba, ni ma ban san ana nema ba. Sau biyu aka yi mini alƙawarin cewa wani shugaba zai kira ni, ba a kira ba.

Tarar dala 27 ba za ta talauta kowa ba. Inda abin ya taɓa ni sosai shi ne lokacin da muka samu wani gidan haya a watan Nuwamba, a birnin da dubban iyalai ke neman matsuguni lokaci guda, ofishin masu gidan suka duba tarihina suka ce sai na ninka kuɗin ajiya. A Amurka manyan kamfanoni uku ne, Equifax da Experian da TransUnion, ke tattara tarihin bashin mutane, daga nan ake fitar da makin da ke tsakanin 300 da 850, kuma yadda mutum ke biya a kan lokaci shi ne abin da ya fi nauyi a lissafin. Idan bashi ya wuce kwana 30 ba a biya ba banki yana iya kai rahoto, tabon kuma yana iya zama har shekara bakwai. Bankina ya kai rahoton cewa na makara, alhali ma'aikaciyarsa ce ta ce kada in biya.

Wani dattijo ɗan Kano da ya fi shekara talatin a Houston ne ya ɗora ni a kan hanya bayan sallar Juma'a. Na ce masa, "Baba, na kira su har na gaji." Ya ce, "Ɗana, ka daina kira, ka rubuta. Mutanen nan takarda suke tsoro." Na rubuta wa bankin wasiƙa ta gidan waya irin wadda ake sa hannu idan an karɓa, na haɗa da takardar rajistata ta FEMA da bayanin kiran da ke wayar maiɗakina mai nuna rana da tsawon lokacin da muka yi magana. Na kuma ƙalubalanci rahoton a wajen kamfanonin uku, waɗanda doka ta ba kimanin kwana 30 su bincika. Sannan na shigar da koke a shafin hukumar CFPB, wadda gwamnatin tarayya ta kafa bayan rikicin tattalin arzikin 2008 domin kare masu hulɗa da bankuna, kuma a ƙa'idarta ana sa ran kamfani ya amsa cikin kwana 15.

Kafin wa'adin ya cika wani jami'i ya kira ni daga ofishin da ke sauraron manyan koke-koke, kuma aikinsa ya sha bamban da duk abin da na gani a baya. Ya riga ya saurari kiran farko da aka naɗa, don haka bai sa ni maimaita komai ba. Ya amsa cewa kuskuren nasu ne, ya ba ni lambar da zan same shi kai tsaye, ya mayar da tarar, ya goge rahoton makarar, ya kuma sa wa asusun alamar nan ta AW da bankuna ke amfani da ita wajen nuna cewa bala'i ya shafi mai asusu. Ya bayyana mini cewa alamar ita kaɗai ba ta share makara, shi ya sa sai da aka gyara rahoton kansa. A kan kuɗin ruwa ya fara cewa yana cikin yarjejeniyar katin, amma da na bayyana masa abin da na tambaya ranar farko da dalilin tambayar, ya ce zai sake saurara, bayan kwana biyu kuma ya cire shi duka. Na biya asalin bashin a makon da kuɗin adashin ya shigo hannuna.

Da za a ce in ba su maki daga cikin biyar, biyu zan ba su. Ɗaya na matar da ta buɗe mini kati a daren da ba ni da wurin kai yarana, ɗaya kuma na jami'in da ya warware matsalar wata uku a cikin 'yan kwanaki. Sauran ukun na hana su ne saboda faifan kiran da ya wanke ni yana hannunsu tun watan Satumba, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗanda na yi magana da su a Oktoba zai iya neman a saurare shi, amma babu wanda ya yi sai da hukuma ta sa baki. Ina tunanin maƙwabtanmu tsofaffi da waɗanda Turancinsu bai nuna ba, waɗanda ƙila aka yi wa irin alƙawarin da aka yi mini, kuma ba su da wanda zai ce musu su rubuta. Kuɗin ajiyar da na ninka wa masu gida sai da na jira ƙarshen yarjejeniyar haya kafin ya dawo, bankin kuma bai ɗauki nauyin wannan ba. Katin yana nan a aljihuna har yanzu, domin shi ne asusuna mafi daɗewa kuma rufe shi yana iya rage mini maki, amma duk kiran da na yi musu tun daga lokacin ina rubuta rana da sunan wanda ya ɗauka da lambar shaidar kiran, kuma ba na ajiye waya sai sun turo mini abin da muka yi magana a kai ta imel.