Yawon unguwar 'yan Meziko a Shikago: tafiyar ta ci kuɗinta, abincin kam sai a hankali

Jama'ar Gombe masu shirin zuwa Amurka karatu ko ziyara, musamman wanda hanya za ta kai shi Shikago, bari in ba ku labarin wani kamfanin masu zagayawa da baƙi da na shiga hannunsu, tunda an dame ni da tambaya a majalisa gara in rubuta kowa ya gani. Aikinsu shi ne ka biya ta intanet, su haɗa ku rukuni ɗaya da ɗan jagora, ya zaga da ku unguwar Pilsen a ƙafa yana bayani, ana tsayawa wuraren abinci kuna ɗanɗanawa. Ɗan yayana da ke karatu a can shi ya biya mana, da na tambaye shi nawa ne ya ce Baffa kar ka juya shi zuwa naira hawan jininka zai tashi, ni kuma na juya ɗin, kuma gaskiyarsa ne.

A taƙaice dai tafiyar da bayanin sun ci kuɗinsu, ɓangaren abinci kuwa ga Musulmi rabin kuɗinka sadaka ka yi wa kamfani.

Jirgin ƙasa na cikin gari muka hau, layin da suke cewa Pink Line, muka sauka tashar titi na 18, kuma tun daga cikin tashar zane ya fara, bango da matakala duk fenti. Jagoran namu haifaffen unguwar ne kuma wallahi a nan kamfanin suka yi dace, don ba irin masu haddace takarda ba ne. Shi ya warware min abin da ya ɗaure min kai, ya za a yi unguwar 'yan Meziko ta ci sunan da ba na Sifaniyanci ba, ashe mutanen ƙasar Cek ne suka cika wurin tun ƙarni na 19 suka sa mata sunan wani birninsu na gida, har yanzu gininsu Thalia Hall na 1892 yana nan tsaye ana wasanni a ciki. 'Yan Meziko sun yi yawa ne a shekarun 1960, da yawansu taso su aka yi daga unguwar da ke gefe lokacin da za a gina jami'ar Illinois, suka dawo nan. Yanzu kuma wata korar ce ba da katafila ba, kuɗin haya ne ke tashi, masu hannu da shuni suna shigowa suna buɗe shagunan kofi, talakan da ya raya wurin yana tattara kayansa. Da yake faɗin wannan muryarsa ma ta canja, ya nuna mana gidan da ya ce a nan ya taso, yanzu ba zai iya kama ko ɗaki ɗaya a ciki ba.

Zanen bango kuwa sai wanda ya gani. A titi na 16 akwai doguwar katanga ta gefen layin dogo, ka yi ta tafiya zane bai ƙare ba, wani na manoma, wani na Emiliano Zapata, jagoran manoma a juyin juya halin Meziko, da gashin bakinsa da faffaɗar malafa, wani na Maryam ta Guadalupe da suke girmamawa a addininsu, wani kuma na waɗanda aka raba da iyalansu a kan iyaka. In kai kaɗai ka je hoto kawai za ka ɗauka ka wuce, amma da mai bayani sai ka gane kusan kowane bango magana yake yi da hukuma. Wannan shi ne abin da ka biya.

Daga nan gidan tarihinsu na National Museum of Mexican Art da ke cikin filin Harrison Park, an buɗe shi 1987, kuma ku lura da kyau shiga kyauta ne ga kowa, don haka kar wani ya lissafa maka shi cikin kuɗin yawo kamar wata alfarma ya yi maka. Mun je a watan Oktoba an jera kayan bikinsu na tunawa da matattu wanda suke yi 1 da 2 ga Nuwamba, tebura cike da hotunan mamata da furanni ruwan lemo da kyandir da irin abincin da mamacin yake so lokacin yana raye. Ba al'adarmu ba ce ba kuma addininmu ba, mu addu'a da sadaka muka sani, amma na tsaya na kalla don ilimi. Matsalar dai jagoran sauri yake saboda masu abinci na jiranmu, ko rabin ɗakunan ba mu shiga ba.

To mu zo kan abincin. Lokacin biya akwai wurin da za ka rubuta abin da ba ka ci, yaron ya rubuta ƙarara ba ma cin alade ba ma shan giya, amma ga dukkan alamu ba wanda ya karanta. Tsayawar farko carnitas aka kawo, naman alade ne da aka dafa cikin kitsensa. Ta biyu taco al pastor, shi ma alade, irin wanda ake jerawa a tsaye jikin ƙarfe yana juyawa kamar shawarma, to kar kamannin ya ruɗe ka. Na ce to a ba ni wake mana, wake ai ba ruwansa, sai matar da ke girkin ta girgiza kai ta ce manteca, wato kitsen alade, da shi ake soya waken. Allah ya saka mata, ita ta fi kamfanin amana. Haka tamale, ƙullun masara ne da ake naɗewa cikin ɓawon masara a turara, shi ma yawanci da wannan kitsen ake kwaɓa shi, har burodinsu mai zaƙi sai ka tambaya. Akwai birria na akuya ko sa, ƙamshi kamar me, amma ga maganar yanka ga kuma tanda ɗaya ake gasa komai a kai, ni dai na haƙura, kowa ya san malaminsa. Tsayawar ƙarshe kuma mashaya ce, muna waje cikin iskar Shikago mai shiga ƙashi muna jiran su gama.

Abin da na ci na ji daɗi kuma ba zan ɓoye ba, tortilla ta masara zalla mai zafi daga kan tanda da guacamole na fiya, sai elote, masara ce ake shafa mata mayonis da cuku da barkono a matsa lemon tsami, na yi zaton ɓata masara za a yi ashe ni ne ban sani ba. Masarar tortilla da farar ƙasa suke dafa ta kafin niƙa, shi ke sa ƙullun ya kama jikinsa ya yi wannan ƙamshin. Sannan abin sha, an miƙo min wani jan ruwa mai sanyi wai agua de jamaica, kurɓa ɗaya na ce kai wannan ai zoɓo ne, sai dai ba citta ba kanumfari. Kuma ba abin mamaki ba ne don Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya, wanda ake lodawa daga su Maigatari, ƙila ma na gonar wani ɗan uwanmu na sha da dala. Na tsamiya ma akwai, shi ya fi min.

Wani abin da ban so ba, a tallansu sun sa hoton babbar ƙofar nan ta titi na 26 mai rubutun Bienvenidos a Little Village, amma yawon ko kusa bai je can ba, unguwa ce daban. Mu muka kai kanmu wata rana a bas, kuma can ne kasuwar gaske, shagunan rigunan bikin 'yan mata masu cika shekara 15, masu tura kura suna sayar da yankakken mangwaro da barkono, ba mai yi maka Turanci sai ka nema. A titin ne ake babban faretin 'yancin Meziko na tsakiyar Satumba.

Wanda zai je, ya nemi yawon zane da tarihi zalla marar abinci in suna da shi, ya fi araha, ya ci nasa tun daga gida ko ya bari sai ya je titin Devon Avenue na cikin Shikago inda halal yake a wadace. In kuma lallai sai mai abincin, kar ka yarda da fom, ka kira su a waya ka ji bakin mutum. Ka lissafa azahar da la'asar ɗinka don ba su ware lokacin komai ba, ka sa takalmin tafiya da rigar sanyi mai kauri, ka riƙe 'yan canji na ihsanin jagora don can kamar wajibi ne kuma shi wannan ya cancanta. Gidan tarihin kuma ba sa buɗewa ranar Litinin.