Sabon sistem ɗin bankina bayan wata huɗu: tauraro uku na ba su, shi ma da ƙyar

Ni dai shadda da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma tun canjin kuɗin nan na 2023 da kash ya yi ɓatan dabo kusan duk cinikina taransifa ne. To bankin da nake hulɗa da su, ba zan kama suna ba, suna cikin waɗanda suka canja babban sistem ɗinsu mai riƙe da asusun kowa, kamar yadda bankuna da dama suka yi a 2024. Saƙo suka turo wai daren Juma'a za a rufe, safiyar Litinin komai ya dawo daidai. Wallahi Litinin ɗin nan sai da ta kwana tara kafin ta iso.

Bari in fara da alherinsu kar a ce son zuciya. Sabuwar manhajar tana da sauri, da ɗan yatsa nake shiga, rasit yana fitowa tsaf in tura wa kastoma ta WhatsApp, kuma da na canja waya ba su bar ni na shiga ba sai da suka tantance BVN da fuskata. Wannan kam na yaba, don ko an ƙwace wayar mutum ɓarawo zai sha wuya.

Amma fa satin farko mun ga tasku. Wani abokin ciniki daga Gusau ya sa kati a POS, dubu ɗari huɗu da ashirin, an cire masa ni kuma ban ga alat ba, ga kaya an ɗaure ga direba yana ta hon a bakin layi, shi yana rantsuwa ni ina rantsuwa kowa da gaskiyarsa. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ce matsalar POS a warware ta cikin awa 72. Tamu kwana goma sha ɗaya ta ɗauka. In ka kira sai kiɗa, in ka je reshe a ce "Alhaji a yi haƙuri, daga hedikwata ne".

Ƙanina yana aikin odit, wato binciken lissafi, a wani kamfanin inshora, shi ya buɗe min ido. Ya ce Yaya ba netwok ba ne, shugabanci ne. Kafin a kwashe bayanan miliyoyin mutane zuwa sabon sistem dole a gwada a sake gwadawa, a daidaita lissafin tsoho da sabo kobo-kobo, a tanadi hanyar komawa baya in abu ya ƙwaɓe, kuma wanda ya rubuta canjin ba shi zai sa hannun amincewa ba. Akwai ma tsarin kula da harkar kwamfuta da masu odit suke bi, COBIT na ƙungiyarsu ta ISACA, sannan tun 2018 CBN ya fitar da ƙa'idar tsaron intanet da ta wajabta wa banki naɗa babban jami'in tsaron bayanai, ta kuma ɗora sa ido a wuyan hukumar daraktoci.  Wato akwai manyan da suka zauna suka ce a kunna, alhali yaran da ke kantar banki ne suke shan zagi.

Abin da ya fi ci min rai shirun. Da sun fito sun ce jama'a ga abin da ya lalace, ga ranar gyara, da mun shirya. Ko kalmar ban haƙuri ba mu samu ba sai da ƙura ta lafa, amma kuɗin SMS ba a taɓa manta cirewa ba ko sau ɗaya.

Yanzu dai lafiya lau yake aiki, sai ɗan nauyi ƙarshen wata lokacin albashi. Ban rufe asusun ba, amma na buɗe wani a wani bankin, na liƙa lambobin biyu a jikin kantar shagona.