Tsohuwar talabijin ta ƙi kamawa: a gyara ko a sayi filasma?

Tun da na tayar da talabijin mai ƙusumbi ta Hajiyarmu a Shara Mansur, 'yan uwa a nan Makka suke ta tambayata wanne ya fi.

Wajen kuɗi, gyara ya fi sauƙi idan matsalar ƙarama ce. Tamu ko jar fitila ba ta kawowa. Ashe yaro ne ya sa ta a soket ɗin 220 alhali 'yar 110 ce, fiyus ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Fiyus ko kafasito (ɗan abin da ke tara wuta) da ta kumbura ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba. Amma in kana jin ƙas-ƙas tana ɗaukewa, sau da yawa taransifomar fulaibak ce, wadda ke ba kwalbar hoto wuta mai ƙarfi, kuma an daina ƙera irin waɗannan talabijin, sai an farke wata matacciya a haraj, kasuwar gwanjo.

Haɗari kuwa, don Allah kada ka buɗe bayanta da kanka. Kwalbar tana aiki da wajen bolt 25,000, tana kuma riƙe wuta ko an zare waya.

Shafaffiyar talabijin ta zamani (LED), wadda muke ce wa filasma, ba nauyi, ba ta shan wuta sosai, tana karɓar wayar HDMI. Sai dai fuskarta na fashewa, ta tashi daga aiki.

Mai 'yan jikoki masu ƙiriniya, wanda risiba kawai yake kallo, ya gyara tsohuwar. Wanda kwalbarsa ta dushe, ko yake son YouTube, ya sayi sabuwa.