Karan hatsi da matsalar lamba 28

Malama, kin tambaya daga nan Yamai abin da ya sa sakamakon awon nitrojin 15 (isotop, wato nau'in nitrojin mai ɗan ƙarin nauyi) na karan hatsinki yake haurawa fiye da kima alhali na ganyen wake yana fitowa daidai, da kuma wanne ya fi tsakanin tace iskar da neman na'ura mai kaifin rarrabewa, wato mai iya bambance nauyi biyu masu kusanci ƙwarai.

Na'urar da ke awon, nauyin ƙwayoyin iska kawai take gani, ba ta san suna ba. Iskar nitrojin tana faɗowa a kan lambar nauyi 28 da 29, kabon monoksaid ma nan yake faɗowa, kuma 29 ɗinsa ya kai wajen kashi 1.1 cikin ɗari na 28, na nitrojin kuwa 0.73 ne kawai, don haka ɗan kaɗan ya isa ya ɗaga sakamako. Karan hatsi kabon ya yi masa yawa, nitrojin ya yi masa kaɗan, shi ya sa abin ya fi bayyana a kansa.

Hanya ta farko ita ce a raba nitrojin da monoksaid tun kafin su shiga na'urar. Ana ƙona samfurin a zafin da ya kai wajen digiri 1000 da isasshen oksijin domin kabon ya ƙone sarai, a bi da iskar ta cikin jan ƙarfe mai zafin kimanin 650, a tsotse ruwa, sannan a kama kabon dayoksaid, domin idan ya kutsa ciki yakan farfashe ya koma monoksaid. Abin lura shi ne jan ƙarfen yana gajiya. Idan kika ga ya yi baƙi har kusan ƙarshen bututun, ko alamar da na'urar ke nunawa a kan lamba 30 ta fara hawa, lokacin canji ya yi.

Hanya ta biyu a cikin na'urar take raba su, tunda ainihin nauyin nitrojin 28.006 ne, na monoksaid 27.995. Wannan ratar tana buƙatar kaifin rarrabewa na wajen 2500, a kan 29 kuma kusan 6000, abin da na'urorin isotop na yau da kullum ba sa kaiwa. Masu kaiwar suna da tsada ƙwarai, kuma ƙuntata ƙofar wucewar ƙwayoyin iskar da ake yi domin samun kaifin yana rage ƙarfin alamar, ga karanki dama nitrojinsa bai taka kara ya karya ba.

A ganina ta farkon ce taki. Ki sabunta jan ƙarfen da matattarar da ke kama kabon dayoksaid, ki rage yawan karan da kike zubawa gwargwadon yadda alamar za ta jure, ki kuma gwada da ma'auni, wato samfurin da aka riga aka san sakamakonsa, mai yawan kabon kamar karan.