Lambun rubutu a intanet: wane kayan aiki ya dace da kai?

Lambun rubutu shafi ne da mutum ke zuba tunaninsa tun bai nuna ba, yana komawa yana gyarawa, yana ɗaura wannan rubutun da wancan. Ba a jera su bisa kwanan wata. Mike Caulfield, masani kan ilimin intanet, ya fayyace wannan tunani a wata lacca a 2015, inda ya bambanta lambu da rafi, wato jerin saƙonni irin na kafafen sada zumunta: rafi yana wucewa da abin da ya ɗauko, lambu kuwa ana dawowa ana yi masa ban ruwa.

Yawanci ana gina irin wannan shafi a tsaye, wato manhaja ta ɗauki fayilolin Markdown (rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari) ta mai da su shafukan HTML, wato shafukan intanet, tun kafin mai karatu ya zo. Babu rumbun bayanai a baya, don haka shafin yana buɗewa da sauri, kuma ba shi da ƙofofi da yawa da ɓarayin intanet za su bi.

Tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ita ce: a ina kake rubutu yanzu? Idan Obsidian ne, wato manhajar ajiye rubuce-rubuce a fayilolin Markdown, zaɓi biyu ne a gabanka. Obsidian Publish na kamfanin kansa ne, ana biyan kuɗi, ka zaɓi rubutun da kake so ka danna maɓalli ya hau. Babu wahala ko kaɗan, sai dai shafin yana zaune a gidan wani, kuma iyakar da za ka iya sauya masa kama ba ta da faɗi. Na biyu shi ne Quartz, wanda Jacky Zhao ya ƙirƙira, kyauta ne. Yana gane mahaɗan da ake rubutawa tsakanin baka biyu-biyu, [[kamar haka]], irin na Obsidian, yana nuna wa mai karatu duk rubutun da suka ambaci wanda yake karantawa, har da taswirar yadda suke haɗe. A ganina wannan shi ne ruhin lambu, kuma shi ya sa Quartz ya fi dacewa da yawancin mutane. Sharaɗinsa kawai ka girka Node.js, manhajar da yake aiki a kanta, ka saba da rubuta umarni kaɗan.

Akwai kuma wasu manhajojin gina shafi, kamar Jekyll da Hugo. Jekyll tsoho ne, tun 2008, da harshen Ruby aka rubuta shi, kuma GitHub Pages, wurin ɗora shafi na GitHub (dandalin ajiye fayilolin manhaja), yana gina shafinsa kai tsaye. Matsalarsa ita ce ba ya gane waɗannan mahaɗan da kansa, sai da ƙarin manhaja, GitHub kuma wasu ƙalilan kawai ya yarda da su sai dai idan ka bi ta GitHub Actions, tsarinsa na gudanar da umarni da kansa. Hugo, da aka rubuta da harshen Go, ya yi suna wajen sauri; idan rubutunka sun kai dubbai, shi ne gwani. Amma koyon samfuran shafinsa yana cin lokaci, kuma da yawa kan ƙare suna gyaran ado maimakon rubutu.

Wurin ajiyar shafi ba abin damuwa ba ne: GitHub Pages, Netlify da Cloudflare Pages duk suna da tsarin kyauta da zai ishi lambun mutum ɗaya.

Inda za ka buɗe ido shi ne sirri. Idan GitHub Pages ka zaɓa da asusun kyauta, ma'ajiyar da ke ɗauke da shafin dole ta kasance a buɗe ga kowa. Ko da ka sa wa rubutu alamar daftari don kada ya fito a shafi, fayil ɗin yana nan a ma'ajiyar, duk mai so zai karanta, har tsofaffin kwafinsa da ke cikin tarihin Git, manhajar da ke adana duk sauyin da aka yi wa fayil. Saboda haka ka ware babban fayil daban na abin da za a wallafa, littafin sirrinka kuma ya tsaya a kwamfutarka.