Fistula, dashen bututu ko robar wuya: wacce ta fi dacewa da mai wankin ƙoda?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce likita ya shaida muku cewa ƙodarsa ta gaza, wanki ya kusa zama dole, kuma ya ambaci hanyoyi uku na haɗa shi da na'ura, wato fistula (haɗa jijiyoyin jini biyu a hannu), dashen bututu da robar wuya, kina son sanin wacce ta fi. A ganina fistula ce a gaba, muddin jijiyoyinsa suna da kyau kuma akwai lokacin jira.

Na'urar wanki tana jan jini mililita 300 zuwa 400 a minti ɗaya, na kusan awa huɗu, sau uku a mako. Jijiyar hannu yadda take ba za ta iya ba da wannan jini ba, shi ya sa sai an yi tiyata.

A fistula, likita yana ɗinke jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya a jikin wadda ke kawo shi daga zuciya, sai ƙarfin jinin ya riƙa faɗaɗa ta farkon, bangonta ya yi kauri har ta iya jure huda da manyan allurai biyu a kowane wanki. Likitoci Brescia da Cimino da likitan tiyata Appel ne suka bayyana wannan dabara a New York a 1966. Ana farawa daga wuyan hannun da mutum ba ya yawan aiki da shi, domin idan ta lalace a samu wurin hawa zuwa gwiwar hannu ko damtse. Tunda ba a bar wani baƙon abu a jiki ba, ita ce mafi ƙarancin kamuwa da ƙwayoyin cuta da toshewa, kuma wadda ta kama takan yi shekaru tana aiki. Matsalarta jira. Tana buƙatar mako shida zuwa wata uku ko fiye kafin ta nuna, wato faɗinta ya kai kamar milimita 6, jinin da ke bi ta cikinta ya kai mililita 600 a minti. Wasu ma ba sa nuna sam, musamman a tsofaffi da masu ciwon sukari, sai an sake shiga an gyara.

Dashen bututu na wanda jijiyoyinsa suka yi siriri ne ko suka lalace. Ana binne bututun roba mai laushi a ƙarƙashin fata, ya haɗa jijiyoyin biyu, shi ake hudawa. Bayan mako biyu zuwa huɗu an fara amfani da shi, sai dai bakin da ya haɗu da jijiyar mayar da jini yakan tsuke, jini ya daskare a ciki, don haka ya fi fistula yawan komawa asibiti, idan kuma ƙwayoyin cuta suka kama shi, sau da yawa cire shi ake yi.

Robar wuya kuwa ana zura ta ne a babbar jijiyar wuya, galibi ta dama, bakinta ya kai kusa da zuciya, a fito da jelarta ta ƙirji. A ranar da aka sa ta za a iya yin wanki, kuma babu huda, abin da ya sa marasa lafiya da yawa suke son a bar musu ita. A nan nake jin tsoro, domin ƙofa ce a buɗe daga fata zuwa cikin jini, ta fi sauran biyun jawo cutar da ke bazuwa a jini, kuma idan ta daɗe tana tsuke manyan jijiyoyin ƙirji, har fistular da za a yi daga baya a wannan ɓangaren ta ƙi aiki. Amfaninta na gaggawa ne, ko na riƙon ƙwarya kafin fistula ta nuna. Akwai waɗanda ita ce ta dace da su, kamar mai raunin zuciya sosai ko wanda jijiyoyinsa suka ƙare.

Tunda Baba bai fara wanki ba tukuna, ku nemi a duba jijiyoyin hannunsa da na'urar hoto tun yanzu, saboda girmansu ne zai raba gardama tsakanin fistula da bututu. Daga yau kada a ɗebi jini ko a sa ƙarin ruwa a hannun da za a yi aikin, a yi amfani da bayan tafin hannu idan ya zama dole. Bayan tiyata kada a auna hawan jini a hannun, kada ya kwanta a kansa, kuma kullum ya ɗora yatsa a wurin ya ji ɗan girgizar jinin. Idan girgizar ta ɗauke, ko yatsunsa suka yi sanyi da ciwo, a kai shi asibiti a ranar.